Shaharar Mawaƙi: Dukiyarsa Ce Ko Amanar Jama'a?

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga birnin Kano ta nufi Gwarzo, ya ratsa Rimin Gado da Garo, ko kuwa ya karkata ya shiga garin Kabo ran kasuwa, zai lura da wata murya wadda ba ta yankewa tun daga hantsi har bayan lisha. Tana tashi daga rumfar mai cajin waya, da teburin mai shayi, da aljihun ɗan acaɓa, har da gona inda saurayi ya rataye wayarsa a reshen bishiya yana noma. Muryar nan kuwa ta mawaƙan zamani ce. Malamin da ke karantar da Ahalari ko Iziyya a zaure bayan magariba, in ya sami mutum 40 a gabansa sai a ce majalisi ya cika. Shi kuwa mawaƙi ba ya sallama, ba ya neman iso, amma muryarsa tana kaiwa har ɗakin amaryar da ko ƙanin mijinta bai isa ya shiga ba. Mutumin da ya sami irin wannan iko a kan kunnuwan jama'a, lalle al'amarinsa ya wuce a ɗauke shi wasan yara.

A ɗauki misalin wani dattijo manomi a karkarar Kabo. Ɗansa ya sauke Alƙur'ani, ya gama sakandare, aiki bai samu ba, ga shi kuma Allah Ya hore masa murya da iya tsara baiti. Wata rana yaron ya durƙusa gabansa ya ce, "Baba, ina neman izininka in tafi Kano in shiga waƙa. Ba ta batsa zan yi ba, ta gyaran jama'a zan yi, irin ta Ala." Dattijon ya yi shiru jim kaɗan, sa'an nan ya ce, "To, ɗana, na ji. Amma ranar da wanda ya saya maka mota ya zalunci talakawa, wace waƙa za ka yi?" Irin wannan zance yana aukuwa a gidaje da yawa a ƙasar nan, kuma tambayar dattijon ita ce gindin magana. Shin sunan da mawaƙi ya yi dukiyarsa ce da zai sayar wa wanda ya fi tayi, ko kuwa amana ce da jama'a suka damƙa masa? Kuma da wane ma'auni ake gane mai waƙar gyara na gaskiya?

Tun da yaron ya ambaci Ala, ya kamata a san ko wane ne shi. Aminu Ladan Abubakar haifaffen birnin Kano ne, an haife shi a 1973, kuma laƙabinsa ya fito ne daga haruffan farko na sunayensa uku, har aka riƙa ce masa Alan Waƙa. Da alƙalami ya fara, yana rubuta littattafan ƙagaggun labarai irin waɗanda suka cika kasuwannin Kano, daga baya ya koma ga waƙa. Abin da ya bambanta shi da yawancin tsararrakinsa shi ne ya ɗauko tsarin rubutacciyar waƙa, mai amsa-amo da zaɓaɓɓiyar Hausa, ya ɗora ta a kan kiɗan fiyano na situdiyo wanda 'yan fim suka saba da shi. Saboda haka samari suka so shi don kiɗan, dattawa suka saurare shi don maganar, malaman jami'a kuma suka sa ɗalibansu nazarin baitocinsa. Ya yi waƙa a kan halin da jami'o'i suke ciki, ya yi Baubawan Burmi yana kokawa da shugabannin da jama'a suka zaɓa da hannunsu suka juya musu baya, har ma ya yi wata mai suna Shahara a kan ita kanta ɗaukakar da ya samu.

Wannan hanya ba ta zo masa da sauƙi ba. Bayan ƙaddamar da Shari'a a Jihar Kano a 2000, an kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001, kuma tun daga 2007 hukumar ta tsaurara matakanta a kan 'yan fim da mawaƙa da marubuta. A 2009 wata kotun tafi-da-gidanka ta haramta sayarwa da sauraren waƙoƙi 11, cikinsu har da Hasbunallahu, wadda Ala ya jagoranta, waƙar da ginshiƙinta addu'a ce ta kai ƙarar azzalumi wurin Allah. A watan Yuli na wannan shekara aka kama shi bisa tuhumar fitar da waƙa ba tare da an tace ta ba, aka tsare shi, daga bisani aka ba da belinsa. Bayan shekaru kuma zamani ya juya, sarakuna suka karrama shi da rawani, ya yi musu waƙoƙi, ya zama baƙon manya a tarurruka. Watau mutum ɗaya ya ɗanɗani ɗaurin hukuma, ya kuma ɗanɗani karramawar fada. A cikin biyun nan, mai hankali ya san ta biyu ta fi ta farko wuyar jarrabawa, domin ɗauri yana ƙara wa mai gaskiya suna, amma kyauta tana iya rufe masa baki ba tare da ya ji zafi ba.

Kafin a ci gaba, tilas a ambaci maganar kiɗa, don kada a ce an tsallake ta. Malaman fiƙihu sun yi saɓani a kanta tun zamanin da. Mafi yawansu a mazhabobin nan huɗu sun hana mafi yawan kayan kiɗa, suka yi rangwame ga ganga mai fuska ɗaya a wurin biki da ranar idi, kuma Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda kowane almajirin zaure ya sani, tana cikin littattafan da suka hana. Ibn Hazm na Andalus, wanda ya rasu a 1064, ya tafi a kan halacci, Imam Gazali kuma ya rarrabe hukuncin bisa ga abin da ake faɗa da halin mai saurare. Wanda ya bar kiɗa don tsoron Allah ya kama abin da babu shakka a cikinsa. To, amma ko da an ajiye fiyano an koma ga murya tsura, tambayar dattijon nan tana nan daram, domin ta shafi sha'irin majalisi, ta shafi mai wa'azi a rediyo, ta shafi duk wanda jama'a suka ba kunnensu.

Alƙur'ani mai girma ya yi magana a kan ma'abota waƙa a ƙarshen Suratush Shu'ara, daga aya ta 224 zuwa ta 227. Ya zarge su da abu uku: irin mutanen da ke binsu, da yawonsu cikin kowane kwari na magana ba tare da alƙibla ba, da kuma faɗar abin da ba sa aikatawa. Sa'an nan ya keɓe waɗanda suka haɗa imani da aiki nagari da yawan ambaton Allah, suka kuma kare kansu bayan an zalunce su. Mai lura zai ga ba a zargi awon baiti ba, ba a zargi daɗin murya ba. An zargi harshen da ba shi da maƙama, wanda yau yana nan gobe yana can. Shi ya sa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa aka ajiye wa Hassanu bin Sabit mumbari a cikin masallaci don ya kare Musulmi da waƙa, ya kuma yafa wa Ka'abu bin Zuhairu mayafinsa sa'ad da ya zo da tuba da yabo. Haka nan a ƙasar nan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da ɗiyarsa Nana Asma'u suka isar da ilmi ga makiyaya da matan karkara ta hanyar waƙa, Malam Sa'adu Zungur da Mudi Sipikin kuma suka farkar da talakawa da ita a zamanin Turawa.

A ɗaya gefen kuwa, tarihin adabin Larabci ya adana labarin Mutanabbi, wanda mutane da yawa ke ɗauka babu kamarsa a fasahar waƙa. Bayan ya rabu da Saifud Daula na Halab, ya isa Masar a 957, ya shiga yabon mai mulkinta Kafur da baitocin da har yau ake koyar da su, yana sa ran za a ba shi mulkin wani yanki. Da ya ga buƙata ba ta biya ba, sai ya sulale ya bar ƙasar a 962, ya bar wa Kafur zambo mai muni, har da gorin launin fata da bauta. Kafur ɗin jiya shi ne na yau, babu abin da ya sake a jikinsa ko halinsa. Abin da ya sake shi ne tsammanin mawaƙin. Ɗalibin da ya karanta yabon da zambon tare zai yi mamakin fasahar, amma ba zai iya kafa hujja da ko ɗaya daga cikinsu a kan halin Kafur ba, domin shaidar da ake saya da kuɗi, a kuma janye ta don fushi, ba shaida ba ce a gaban kowane alƙali.

Mene ne ainihin shahara, har take da wannan haɗari? Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya keɓe babi guda a cikin Ihya'u Ulumid Din a kan son girma da riya. Bayaninsa shi ne, kamar yadda mai dukiya yake mallakar zinariya da azurfa, haka mai suna yake mallakar zukatan mutane, yana juya su yadda ya so. Ya kuma nuna cewa son suna ya fi son kuɗi ƙarfi a zuciya, saboda suna yana jawo kuɗi cikin sauƙi, ɓarawo ba ya sace shi, kuma yana yaɗuwa da kansa daga baki zuwa baki. Akwai hadisi a cikin Tirmizi da ya kwatanta ɓarnar da kwaɗayin dukiya da na girma suke yi wa addinin mutum da ɓarnar kyarketai biyu mayunwata da aka saka cikin garken tumaki, ya nuna ta kwaɗayin ba ta gaza tasu ba. To, in shahara mallakar zukata ce, su zukatan nan na wane ne? Na masu saurare ne. Manomin Getso da tela na Gwarzo da matar aure ta Kabo su ne suka ba mawaƙi amincewarsu, don sun ji ya faɗi abin da ke ransu. Idan ya ɗauki wannan amincewa ya kai ta kasuwar siyasa ya karɓi kuɗinta, ya sayar da abin da aka ba shi ajiya ke nan.

Daga nan ake samun ma'auni na farko, watau niyya. Imam Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira labarin mutum uku da za a fara yi wa hisabi ranar alƙiyama: wanda aka kashe a fagen fama, da malami makarancin Alƙur'ani, da mawadaci mai yawan kyauta. Kowannensu zai yi da'awar don Allah ya yi, sai a ƙaryata shi, a nuna masa don mutane su yabe shi ya yi, kuma sun riga sun yabe shi a duniya, ladansa ya ƙare. In haka ta kasance ga shahidi da malami, ina ga wanda sana'arsa kanta a kan tafi da yabo aka gina ta? A wannan zamani an ga masu suna suna rabon shinkafa ga marayu da zawarawa, ga na'urar ɗaukar hoto a kan fuskar mai karɓa, kafin ya isa gida an watsa shi a Facebook da TikTok. Suratul Baƙara ta halatta bayyana sadaka, ta fifita ɓoye ta, ta kuma yi gargaɗin cewa gori da cutarwa suna ɓata ta. Mudun shinkafa yana ƙarewa cikin kwana biyu, amma hoton mabuƙaci yana miƙa hannu yana nan har 'ya'yansa su girma su gani.

Sai dai wannan ma'auni na hannun mai aikin ne shi kaɗai. Babu malami ko alƙali da aka ba mabuɗin zukata, saboda haka ba ya halatta a zauna a majalisa ana yanke cewa wane don riya ya gina rijiya. An kuma ruwaito daga Fudailu bin Iyad cewa barin aikin alheri don gudun maganar mutane shi ma wani nau'in riya ne. Ashe ke nan ba a ce wa mawaƙi ya daina taimako don ya yi suna. Abin da ake ce masa shi ne ya ajiye wani kaso na alherinsa inda babu mai gani sai Allah, ya riƙa auna zuciyarsa da shi. In ya ji aikin ɓoye yana yi masa nauyi, na fili kuwa yana yi masa sauƙi, to, ya san inda cutar take.

Ma'auni na biyu shi ne wanda jama'a suke iya gani da idonsu, kuma shi ne dattijon Kabo ya tambaya: hannun wa ke ciyar da mawaƙin, kuma yana iya faɗa wa mai hannun nan gaskiya? Hausawa sun ce wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. A da, makaɗin fada irin Narambaɗa a fadar Sarkin Gobir na Isa kowa ya san ubangidansa, babu wanda ya ruɗu ya ɗauki waƙarsa a matsayin muryar talakawa. Ɗan Maraya Jos kuwa, wanda ya rasu a 2015, ya ɗauki kuntiginsa ya yi wa karen mota waƙa, ya yi magana a kan zaman aure da gulma da halin ɗan Adam, jama'a suka san shi nasu ne. Ruɗanin yana zuwa ne sa'ad da mutum ya yi suna da rigar mai kare talaka, alhali abincinsa yana fitowa daga gidan mai mulki. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito cewa faɗar gaskiya a gaban shugaba azzalumi yana cikin mafificin jihadi. Sharaɗin da ke cikin maganar shi ne a gabansa, lokacin da yake da ikon hanawa da cutarwa. Sukar wanda ya riga ya sauka daga kujera, ko abokin hamayyar ubangida, ba ta da tsada, don haka ba ta zama hujjar jarunta.

Mutanen ƙasar nan sun ga misalin wannan a fili. Dauda Kahutu Rarara, ɗan ƙaramar hukumar Danja ta Jihar Katsina, ya cika Arewa da waƙar Masu Gudu Su Gudu a zaɓen 2015, ya kuma ci gaba da yi wa Shugaba Muhammadu Buhari waƙa har tsawon mulkinsa. A watan Oktoba na 2023, bayan Buhari ya sauka da wata biyar, sai ya tara 'yan jarida ya bayyana cewa gwamnatin nan ta lalata ƙasa. Waɗansu suka ce ya faɗi gaskiya, kuma gaskiya ko ta makara ta fi shiru. Waɗansu kuma suka tambaya, ina wannan harshe yake shekara 8 da suka wuce, sa'ad da maganar za ta iya yin amfani? Niyyarsa tana wurin Ubangijinsa, amma tambayar halal ce, kuma darasin da ke cikinta ya shafi kowane mawaƙi, har da Ala kansa. Tsarewar da aka yi masa a 2009 shaida ce a gare shi cewa ya taɓa biyan kuɗin maganarsa. Rawunan da ya samu daga baya kuwa ba laifi ba ne, sai dai kowane rawani sabon bashi ne, kuma jama'a suna da haƙƙin su saurara su ji ko harshen da ya yi Baubawan Burmi yana nan da kaifinsa.

Ma'auni na uku shi ne dacewar faɗa da cikawa, wanda ayar Shu'ara ta ambata ƙarara. Mai waƙar hana shaye-shaye wanda yaran da ke masa amshi suke cikin maye, ko mai waƙar haƙƙin talaka wanda ba ya biyan makaɗinsa da mai haɗa masa sauti, ya rushe da hannunsa abin da ya gina da bakinsa. A nan labarin wani mawaƙin Ingila yana da amfani. Cat Stevens ya yi suna a duniya tun yana saurayi, faifansa suna sayuwa miliyoyi. Ya musulunta a 1977, ya ɗauki sunan Yusuf Islam, ba da jimawa ba ya ajiye kayan kiɗa a lokacin da kasuwarsa take ci. Ya sa dukiyarsa ya buɗe makarantar Islamiyya a Landan a 1983, wadda gwamnatin ƙasar ta fara tallafa wa a 1998, ya kuma shiga aikin agajin marayu da waɗanda yaƙi ya ɗaiɗaita. A 2006 ya komo ga waƙa da kiɗa, waɗansu malamai suka yi masa inkari, waɗansu suka ba shi uzuri. Ko wane ɓangare mutum ya bi a wannan saɓani, abu ɗaya ya tabbata: mutumin ya nuna yana iya rabuwa da tafin jama'a fiye da shekara 20 saboda abin da ya gaskata. Wanda ya iya ajiye shahara, shi ne ya mallake ta. Wanda ba ya iya kwana ɗaya ba a ambace shi ba, ita ta mallake shi.

Ba adalci ba ne a ɗora wa mawaƙi kayan duka. Hukuma tana da nata kason, kuma akwai abin koyi a hukuncin Sayyidina Umar. Littattafan adabi sun kawo cewa Huɗai'a, mawaƙi mai kaifin zambo, ya ci mutuncin Zibriƙanu bin Badar, shi kuma ya kai ƙara. Umar, duk da saninsa da waƙa, bai yanke hukunci da ra'ayinsa ba, sai ya kira Hassanu bin Sabit ya tambaye shi ko baitin zambo ne. Da Hassanu ya tabbatar, sai aka tsare Huɗai'a. Daga baya ya roƙi sassauci saboda ƙananan 'ya'yansa, Umar ya sake shi, ya ja masa kunne, an kuma ruwaito ya ba shi dirhami 3,000 don ya kame bakinsa daga mutuncin Musulmi. A cikin wannan ƙissa akwai mai ƙara wanda aka cuta, akwai masanin fanni da aka tambaya, akwai tausayi, akwai kuma lura da cewa yunwa ce take tura mawaƙi ga ɓarna. Hukumar da za ta tace waƙa tana da aiki na gaske wajen kare tarbiyya daga batsa da cin mutunci. Amma in aka ga tana kama wanda ya soki mai mulki, tana kau da kai daga wanda ya zagi abokin hamayyarsa, sai jama'a su daina ganin Shari'a a cikin aikin, su ga siyasa, kuma wannan ɓarna ce ga sunan addini.

Masu saurare su ma suna da nasu kason, wataƙila ma shi ya fi girma. A yau saurayi yakan je rumfar mai tura waƙoƙi ya ba da 'yan kuɗi kaɗan a cika masa waya, ko abokinsa ya tura masa kyauta. Ko sisin kwabo ba ya isa hannun wanda ya kwana yana tsara baitin, ya biya kuɗin situdiyo. Mawaƙin da jama'a suke so amma ba sa ciyarwa, ina zai nufa in ba ƙofar ɗan siyasa ko attajiri ba? Sa'an nan jama'ar nan su dawo suna cewa ya sayar da kansa. Wanda yake son mawaƙi ya zama muryarsa, sai ya ɗauki wani abu na nauyinsa, ta hanyar sayen aikinsa ta halal da halartar taronsa. Har ila yau, wajibi ne mai saurare ya riƙa auna magana kafin ya auna kiɗa. Muslim ya ruwaito daga Miƙdad umarnin watsa ƙasa a fuskar masu wuce iyaka wajen yabo. Jama'ar da take yi wa maroƙin azzalumi liƙi, ta kuma je rumfar zaɓe da amshin waƙa a bakinta maimakon hisabin abin da aka yi mata na asibiti da makaranta da taki, ba ta da bakin zargin kowa.

In aka koma ga dattijon nan da ɗansa, za a ga bai ce masa kada ya tafi ba, bai kuma ce ya tafi ba. Ya ba shi tambayar da zai kwana da ita. Amsar da ta dace ba a baki ake ba da ita ba, a tsarin rayuwa ake ba da ita. Yaron da ya tafi Kano da wata sana'a a hannunsa, ko ɗinki ko gyaran waya ko gonar da yake komowa ya nome da damina, yana da ƙarfin da zai ce a'a ranar da aka kawo masa kwangilar ƙarya. Wanda ya ci gaba da zama gaban malami yana da mai gaya masa gaskiya sa'ad da kowa yake masa tafi. Wanda ya saba da ƙaramar rayuwa ba ya zama bawan mai ba da mota. Shi kuwa wanda ya tafi ba shi da komai sai murya da burin a san shi, ya riga ya sa wa kansa farashi tun bai isa tashar Kabuga ba, saura kawai a sami mai saye.

Murya baiwa ce daga Allah, kamar ilmi da dukiya da mulki, kuma kowace baiwa tana tafe da tambayarta. Mawaƙi zai tafi, waƙarsa ta zauna tana yi masa aiki a kabari, ko na lada ko na zunubi, gwargwadon abin da ta shuka a zukatan mutane. Allah Ya shiryi masu murya su riƙe amanar da aka ba su, Ya ba shugabanni juriyar jin gaskiya, Ya ba jama'a basirar rarrabe mai gyara da mai neman abin miya. Amin.